Allurar Sinawa da Ƙahon Wanzami

Gabatarwa

A Sandamu da sauran garuruwan ƙasar Daura, irin su Zango da Ɓaure da Mai'aduwa, ba baƙon abu ba ne a ga magidanci zaune bisa tabarma ranar kasuwa, ya tuɓe riga, wanzami ya jera masa ƙahoni huɗu ko shida a gadon baya. In aka tambaye shi abin da ke damunsa, yawanci zai ce ciwon baya ne ko na kafaɗa, musamman bayan an fito daga aikin damina, kuma ya zo ne a cire masa mataccen jini. Abin da mai yiwuwa shi da wanzamin ba su sani ba shi ne, a can ƙasar Sin tsohon sunan da likitocinsu suka laƙaba wa wannan aiki shi ne jiaofa, wato hanyar ƙaho, domin su ma da ƙahon dabba suka fara kafin su koma ga kofunan gora da na tangaran da na gilashi.

Ƙaho reshe ɗaya ne kawai na maganin gargajiyar Sinawa. Reshen da ya fi shahara a duniya shi ne na tsira siraran allurai a wasu keɓaɓɓun wurare na jiki, wanda ake kira akufanca. Sinawa dai ba baƙi ba ne a wannan yanki namu. Nijeriya ta ƙulla huldar jakadanci da Sin a 1971, ayarin likitocinsu sun fara zuwa aiki a Jamhuriyar Nijar tun 1976, kuma kamfaninsu na CCECC ne ya gina Jami'ar Sufuri ta Daura wadda aka aza harsashinta a 2019. A manyan birane kuwa, ana ta samun wuraren da ke tallar maganin Sin da na hijama. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san abin da masana kimiyya suka gano da suka ɗora waɗannan hanyoyi bisa ma'auni, domin abin da aka gano game da allurar Sinawa yana haska mana abubuwa da dama game da ƙahonmu na gida.

Asalin Maganin Allura

Tsofaffin rubuce-rubucen likitanci na Sin da aka samu sun fito ne daga wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe shekara 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka kuma tone shi a farkon shekarun 1970. Waɗannan rubuce-rubuce sun bayyana hanyoyi goma sha ɗaya da suka ce sun ratsa jikin mutum, sun kuma yi maganar ƙona ganye a kan fata da yin ƙaho, amma ba su ambaci tsira allura ba. Littafin da ya fara shimfiɗa ilimin allura sosai shi ne Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa wajen ƙarni na biyu zuwa na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ke nan shekarun wannan sana'a sun ɗan haura dubu biyu, ba dubu biyar da masu talla kan faɗa ba.

A fahimtar wannan littafi, akwai wani ƙarfi na rayuwa mai gudana a jiki, wanda ake rubuta sunansa qi, a furta shi kamar “cii”. Yana bin manyan hanyoyi goma sha biyu kamar yadda ruwa ke bin magudana. In hanya ta toshe, ko aka sami rinjaye tsakanin abubuwa biyu masu kishiyantar juna da suke kira yin da yang, sai ciwo ya taso, allura kuwa ita ke buɗe hanyar. Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan tunani ba, domin shi ma yana raba cututtuka da abinci zuwa na zafi da na sanyi, yana kuma ɗora laifin ciwon gaɓoɓi a kan sanyin da ya shiga jiki ya kwanta. Abin lura a nan shi ne inda lissafin ya fito. Marubutan sun daidaita hanyoyin nan goma sha biyu da manyan koguna goma sha biyu na ƙasarsu, wuraren tsira allura kuma suka ce 365 ne daidai da kwanakin shekara. Wato daga kallon sama da ƙasa aka ciro adadin, ba daga feɗe jiki ba. Har yanzu babu masanin ƙirar jiki da ya ga waɗannan hanyoyi, ko da wuƙar fiɗa ko da madubin ƙara girma.

Duk da haka sana'ar ta sami tsari mai ban sha'awa. A 1027 wani likitan fada mai suna Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumi biyu na tagulla masu girman mutum, aka huda su a kowane wurin tsira allura. An ruwaito cewa ranar jarrabawa akan shafe mutum-mutumin da kaki a cika shi da ruwa, ɗalibin da ya soki daidai sai ruwa ya ɗigo. Sinawa kansu ba kullum suka riƙe abin da daraja ba. A 1822 Sarki Daoguang ya hana koyar da shi a makarantar likitocin fada, a 1929 kuma gwamnatin ƙasar ta yi yunƙurin soke maganin gargajiya baki ɗaya. Gwamnatin Mao Zedong ce ta farfaɗo da shi a shekarun 1950, kuma babban dalilinta shi ne ƙasa ce mai ɗaruruwan miliyoyin manoma da likitocin zamani 'yan kaɗan. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da sunaye da wuraren tsira allura 361 domin masu aikin su riƙa magana da harshe guda.

Turawa sun ji labarin abin tun 1683, lokacin da wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem ten Rhijne, wanda ya yi aiki a Japan, ya wallafa bayaninsa. Amma bai yi tashe ba sai a watan Yuli na 1971, sa'ad da James Reston, wakilin jaridar New York Times, ya kamu da ciwon afendis a Beijin. An yi masa fiɗa da allurar kashe zafi irin ta kowane asibiti. Bayan aikin ne ciwon ciki ya dame shi, aka tsira masa allurai uku a gwiwar hannu da ƙasan gwiwoyin ƙafa, ya ji sauƙi, ya rubuta labarin. Kafin labarin ya gama zagaya Amurka ya riga ya rikiɗe, har ana cewa da allurar Sinawa kaɗai aka yi masa fiɗar.

Abin da Ke Faruwa a Jiki

Allurar da ake amfani da ita ba irin ta asibiti ba ce. Ba ta da rami a ciki, ba a kuma ɗura komai da ita. Kaurinta bai cika wuce sulusin milimita ba. Akan tsira biyar zuwa ashirin, a ɗan murza su da yatsu ko a haɗa su da wutar lantarki mai rauni, a bar su minti ashirin zuwa talatin. Wani lokaci akan haɗa da ƙona busasshen ganye kusa da fata ko a kan allurar. Wannan ƙona ganye ɗan'uwan lalas ne da sakiya a wajenmu, sai dai shi ɗumi ake nema da shi galibi, ba ƙuna ba.

In babu hanyoyin qi, me zai sa mutum ya ji sauƙi? Masana sun kawo bayanai da suka dogara ga jijiyoyin da ke kai saƙo. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka nuna cewa saƙon ciwo ba ya wucewa kai tsaye daga fata zuwa ƙwaƙwalwa. Sai ya bi ta laka, a can kuma akwai abin da suka kamanta da ƙofa, wadda wani saƙon na daban, kamar na taɓawa ko matsawa, ke iya turawa ta rufe. Wannan ne ya sa wanda ya yi tuntuɓe yakan kai hannu ya murza wurin ba tare da an koya masa ba. Sa'an nan a 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz na Jami'ar Aberdeen suka gano cewa ƙwaƙwalwa na sarrafa sinadaran kashe zafi na kanta masu aiki irin na mofin, waɗanda ake kira endofin a dunƙule. Shekara guda bayan haka Bruce Pomeranz a Toronto ya gwada da ɓeraye, ya ga allura na rage musu jin zafi, amma in aka ba su nalokson, maganin da ke toshe aikin mofin, sai ragin ya ɓace.

To sai dai wannan bai warware matsalar ba. Tsunguli ma yana sa jiki ya saki endofin, gudu ma haka, haka nan kuma sa rai da samun sauƙi. An tabbatar cewa mutumin da aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta, in ya yarda magani ce, zafinsa kan ragu da gaske, kuma nalokson na iya rage wannan sauƙin shi ma. Ga kuma wani abu na biyu. Ciwon baya da na gwiwa masu tashi ne su kwanta, mutum kuwa ba ya neman magani sai ranar da ciwon ya kai maƙura. Duk abin da aka yi masa a ranar, ko allura ko ƙaho ko jiƙo, shi zai kwashe yabon sauƙin da dama yana tafe. Shaidar wanda ya ce an yi masa ya warke gaskiya ce a wajensa, amma ba ta isa ta nuna abin da ya warkar da shi ba.

Gwajin Jamus

Hanyar fita daga wannan ruɗani ita ce gwaji na kwatanci. A tara marasa lafiya masu ciwo iri ɗaya, a raba su ƙungiya-ƙungiya ta hanyar ƙuri'a, a yi wa wasu maganin gaske, wasu kuma a yi musu na gangan ba tare da sun sani ba. Da ƙwaya abin mai sauƙi ne. Da allura kuwa sai an yi dabara, ko dai a tsira ta sama-sama a wurin da littattafan Sinawa ba su ambata ba, ko a yi amfani da irin wadda wani likita Bajamushe, Konrad Streitberger, ya ƙirƙiro a 1998, wadda in an danna ta sai ta shige cikin mariƙinta, mutum ya ji tsini amma fata ba ta hudu ba.

Mafi shahara cikin irin waɗannan gwaje-gwaje shi ne wanda aka yi a Jamus aka wallafa a 2007. An ɗauki mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya, aka raba su uku. Ƙungiya ta farko aka yi mata allura bisa ƙa'idar Sinawa, ta biyu aka tsira mata sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba, ta uku kuma aka ba ta kulawar da aka saba, wato ƙwayoyi da gashi da motsa jiki. Bayan wata shida, waɗanda suka sami sauƙi a ƙungiyar farko kashi 47.6 ne cikin ɗari, a ta biyu kashi 44.2, a ta uku kuwa kashi 27.4.

Ya kamata mai karatu ya dakata a kan waɗannan alƙaluma uku, domin kowane ɓangare na masu gardama ya sami abin riƙewa a cikinsu. Masu goyon baya suka ce ga shi allura ta kusa ninka maganin asibiti. Masu suka kuwa suka ce ai wanda aka soka a inda aka ga dama ya sami kusan abin da wanda aka soka bisa ilimin shekara dubu biyu ya samu, ke nan ilimin wuraren bai ƙara komai ba. Dukkansu sun faɗi gaskiya. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne, amfanin yana fitowa ne daga haɗuwar abubuwa da yawa: zama goma na rabin sa'a tare da mai magani da ke saurare yana taɓa wurin ciwo, da sa ran majinyaci, da kuma ɗan tasirin sukar ita kanta. Bugu da ƙari, mutanen ƙungiya ta uku an mayar da su ne ga irin maganin da suka daɗe suna sha bai yi musu ba, don haka ba su shiga da wani fata ba. A kan sakamakon wannan jerin gwaje-gwaje ne inshorar lafiya ta Jamus ta amince ta riƙa biyan kuɗin allura, amma ga daɗaɗɗen ciwon baya da na gwiwa kawai.

A 2012 Andrew Vickers da abokan aikinsa suka haɗa bayanan mutum 17,922 daga gwaje-gwaje 29 masu inganci, a 2018 suka faɗaɗa zuwa mutum 20,827. Sun sami cewa allurar gaske ta ɗara ta gangan wajen ciwon baya da wuya da gwiwa da daɗaɗɗen ciwon kai, amma ratar ƙarama ce, ratar da ke tsakanin allura da rashin yin allurar ita ce babba. Akwai kuma shaida mai ɗan ƙarfi cewa tana rage tashin zuciya bayan fiɗa. Hukumomi ma ba su tsaya a magana ɗaya ba: hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ta ce a 2016 kada a yi ta don ciwon baya, a 2021 kuma ta ce ana iya gwada ta ga daɗaɗɗen ciwon da ba a gano sanadinsa ba. Shi dai Vickers ɗin ne tun a 1998 ya lura cewa duk gwaje-gwajen allura da ya duba waɗanda aka wallafa daga Sin da Japan da Hong Kong da Taiwan, babu ko ɗaya da ya ce ba ta yi aiki ba. Maganin da bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, jarrabawar ce abar tuhuma.

Game da ciwon suga da hawan jini da ciwon daji da ƙanjamau kuwa, babu ingantaccen gwajin da ya nuna allura na warkar da su. Duk allon tallar da ya jera waɗannan cututtuka ya wuce gona da iri.

Mataccen Jini

A koma ga wanzami. Yakan jiƙa fata, ya kafa ƙaho, ya zuƙe iskar ciki ta ɗan ramin da ke tsininsa, ya liƙe ramin. In fata ta taso sai ya cire, ya yi ƙananan tsagu, ya mayar da ƙahon ya sake zuƙa. Bayan 'yan mintoci ya zubar da jini baƙi-baƙi mai gudaji, ya nuna wa mai ciwo. Wannan sana'a tana da tushe mai zurfi. Wanzamai suna da shugabanninsu irin su Sarkin Aska, littattafan Hadisi sun tabbatar cewa an yi wa Manzon Allah (SAW) ƙaho ya kuma biya wanda ya yi masa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan ilimin ɗibbu, kuma likita Lewis Wall, wanda ya zauna a wani ƙauye kusa da Malumfashi, ya bayyana matsayin wanzami a littafinsa na 1988 a kan magungunan Hausawa.

Abin da kimiyya ke da ja a kansa shi ne bayanin da ake yi wa jinin. Baligi yana da jini wajen lita biyar, kuma zuciya tana zagaya da kusan dukkansa cikin minti guda, saboda haka jinin da ke gadon baya yanzu ba shi ne zai kasance a wurin ba an jima kaɗan. Jajayen ƙwayoyin jini sukan yi kwana 120 suna aiki, in sun tsufa kuwa saifa da hanta ne ke tsince su, ba taruwa suke a ƙarƙashin fata ba. Duhun jinin ƙaho ya samo asali ne daga kasancewarsa jinin ƙananan jijiyoyi wanda ya riga ya sauke iskar da ya ɗauko daga huhu. Gudajin kuma a cikin ƙahon yake samuwa, domin kowane jini in ya bar jijiya yakan daskare cikin mintoci, kamar yadda duk wanda ya taɓa yanka rago ya gani. Shacin da kofunan Sinawa ke bari a fata, irin wanda duniya ta gani a kafaɗar ɗan wasan ninƙaya Michael Phelps a gasar Rio ta 2016, ƙananan jijiyoyi ne da zuƙa ta fasa.

Rushewar bayani ba ta nufin aikin ba ya rage ciwo. Zuƙa da tsaga saƙonni ne masu ƙarfi ga laka da ƙwaƙwalwa, kuma duk abin da aka faɗa game da ƙofar ciwo da endofin da sa rai ya shafe su. Wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna sauƙi na ɗan lokaci ga ciwon wuya da na baya. Sai dai ba su kai na allura yawa ko inganci ba, kuma da wuya a yi wa mutum ƙahon gangan bai gane ba.

Inda Haɗarin Yake

Amfanin waɗannan hanyoyi yana da wuyar aunawa, amma haɗarinsu a fili yake. Wani bincike a Jamus da ya bi mutum 229,230 da aka yi wa allura ya sami kashi 8.6 cikin ɗari sun yi ƙorafin wani abu, galibi ɗan jini ko kumburi, mutum biyu kuma allura ta huda musu huhu. Waɗannan likitoci ne masu horo, masu amfani da allura sau ɗaya su yar. Inda ba a yin haka labarin daban ne. A 1984, a jihar Rhode Island ta Amurka, mutum 35 suka kamu da ciwon hanta nau'in B a wurin mai allura guda.

Wannan ciwo shi ne abin tsoro a ƙasarmu. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi, wato wajen mutum ɗaya cikin goma sha biyu, yawancinsu kuma ba su sani ba, domin yakan yi shekaru yana cin hanta a ɓoye. Ƙwayar cutar tana iya rayuwa aƙalla kwana bakwai a busasshen jini, ta kuma fi ta ƙanjamau saurin kamu nesa ba kusa ba. Wanzamin da ya yi wa mutum goma sha biyu ƙaho a kasuwa guda da aska ɗaya, ya fi yiwuwa a ce akwai mai ɗauke da ita a cikinsu. Goge aska da tsumma ko ɗauraye ta da ruwa ba ya kashe ta. Shi ma ƙahon, in ya tsufa yakan tsattsage, jini ya maƙale a ciki. Wanzamin kansa yana cikin haɗari tun da da baki yake zuƙa. Gyaran ba mai tsada ba ne: sabuwar reza ga kowane mutum, a buɗe ta a gabansa, da kofunan roba masu famfo waɗanda ake yarwa bayan aiki, da allurar rigakafin ciwon hanta ga wanzami da iyalinsa. An sa wannan rigakafi cikin na yara a Nijeriya tun 2004, ke nan mafi yawan waɗanda aka haifa kafin nan ba su samu ba.

Akwai waɗanda bai kamata a zubar musu da jini ba sam, kamar mai ƙarancin jini, da mai sikila, da mace mai ciki, da ƙaramin yaro, da mai shan maganin tsinka jini. Mai ciwon suga kuma rauninsa ba ya saurin warkewa. Haɗari na ƙarshe shi ne jinkiri. Ciwon bayan da ya zo da rama da zazzaɓin dare na iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin baya, wanda ke gurgunta mutum in an bar shi, alhali maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ciwon ƙeya da ake kafa wa ƙaho kuma na iya zama hawan jini, wanda ba a gane shi sai da awo.

Ganyen da Ya Ci Jarrabawa

Cikin tsofaffin likitocin Sin akwai Ge Hong, wanda ya rayu a ƙarni na huɗu, ya kuma rubuta wani ɗan littafi na magungunan gaggawa. A 1967, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kashe sojoji a yaƙin Biyetnam kuma kulorokwin ya fara gazawa, gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na asiri mai suna 523 don neman sabon magani. Wata masaniyar harhaɗa magunguna, Tu Youyou, ta shiga shirin a 1969. Ita da ayarinta suka tattara magungunan gargajiya fiye da 2,000, suka gwada ɗaruruwa a kan ɓeraye, kusan dukkansu suka faɗi. Wani ganye da ake kira qinghao yakan yi aiki yau ya ƙi gobe. A littafin Ge Hong ne ta lura cewa shi jiƙa ganyen yake cewa a yi a matse, bai ce a dafa ba, sai ta zargi zafi da lalata sinadarin. Da ta tace shi ba tare da zafi mai yawa ba, a watan Oktoba na 1971, samfuri na 191 ya kashe ƙwayoyin cutar gaba ɗaya a jikin ɓeraye. Ta fara gwada shi a kanta kafin a ba majinyata. Sinadarin shi ne atemisinin, ya kuma jawo mata lambar Nobel a 2015. Tun 2005 magungunan da aka haɗa da shi ne Nijeriya ta tsayar a matsayin na farko ga zazzaɓin cizon sauro, su ne kuma ake bayarwa a asibitocin Sandamu da Daura.

Ganye ɗaya ke nan cikin dubbai. Wani kuma ɓarna ya yi: a farkon shekarun 1990 mata fiye da ɗari a ƙasar Beljiyam suka sami mummunan ciwon ƙoda bayan sun sha maganin rage ƙiba da aka sa wa wani saiwar Sin mai suna Aristolochia bisa kuskure, wasunsu kuma daga baya suka kamu da ciwon daji na mafitsara da hanyoyinta.

Masana tsirrai sun sanya tazargade a dangi ɗaya da qinghao, dangin da suke kira Artemisia, kuma a 2020 kasuwarsa ta buɗe bayan da shugaban Madagaska ya tallata wani jiƙo na irin wannan ganye a matsayin maganin korona, abin da gwaji bai tabbatar ba. Zama dangi ɗaya bai sa sinadari ya zama ɗaya ba. Ko a qinghao na ainihi, atemisinin bai kai kashi biyu cikin ɗari na busasshen ganye ba, yana kuma bambanta daga gona zuwa gona, ba ya narkewa sosai a ruwa, ba ya kuma daɗewa a jini. Shi ya sa ake haɗa shi da wani magani na biyu mai daɗewa, a sha kwana uku cur. Jiƙo yana iya sauko da zazzaɓi ya bar sauran ƙwayoyin cutar da rai, waɗanda suka tsira kuwa su ne masu juriya, su ne kuma sauro zai ɗauka ya kai gida na gaba. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2019 cewa kada a yi amfani da ganyen ko shayinsa a madadin ƙwayoyin. An riga an tabbatar da ƙwayoyin zazzaɓi masu jure wa atemisinin a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya da Tanzaniya.